Daga Kawo Zuwa Bakin Kogi: Yadda Hamayya Ta Raini Ƙwallon Kaduna

Duk wanda yake son ya san Kaduna ta arewacin kogi ba ya bukatar ɗan jagora. Ya shiga motar haya a Kawo da la'asar sakaliya, ya biyo titin Ali Akilu, ya faɗa titin Ahmadu Bello, har ya dangana da shataletalen filin wasa da ke kusa da gada. Tafiyar ba ta da wani tsawo, amma idan ya riƙa leƙawa ta taga zai ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa, wato yara da samari suna buga tamaula. A harabar makaranta, a bayan masallaci, a gefen kangon da ba a gama ginawa ba, duk inda aka samu fili ko da bai wuce faɗin tabarma ashirin ba, za ka tarar an dasa duwatsu biyu nan, biyu can, an ce raga ke nan.

Kowane fili da labarinsa, amma labaran sun yi kama da juna. Ka tambayi yaran wace ƙungiya suka fi so, sai gardama ta kaure. Ka tambaye su wace ce ba sa so ta ci su, nan take za su haɗa baki su faɗi suna ɗaya. Wannan ita ce hamayya. Na bi wannan hanya a hutun da ya wuce domin in ga abin da hamayya ta yi wa ƙwallon garin nan. Abin da na gani ya kamata ku ji shi, ku ƙannena da ke sakandare, tunda ku ne kuke cika fili ranar gasar makarantu.

Littafin Koci

Zangona na farko filin wata makaranta ne da ba shi da nisa da Kawo. Fili ne na jar ƙasa, ciyawa sai a gefe-gefe, turakun ragar kuma tsatsa ta fara cinsu. A nan na iske wani dattijo, tsohon malamin wasanni, usur rataye a wuyansa. Yara da manya Koci suke ce masa. Ya fi shekara 20 yana horar da 'yan makarantar, kuma a duk tsawon shekarun nan abokan karawarsa na gaske ɗaya ne, wato ƙungiyar wata makaranta da ke unguwar maƙwabta, wadda wani sa'ansa ke horarwa. Yaran da suka fara wannan hamayya yau magidanta ne, wasu ma 'ya'yansu ne ke gudu a filin.

Da muka zauna a gindin dogon yaro, sai ya zaro wani tsohon littafin rubutu wanda bangonsa ya yi laushi don shan hannu. A ciki ya rubuta kowane wasa da suka yi da waɗancan: rana, sakamako, wanda ya ci, da kuma ta inda aka ci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayanin abokan hamayya ya fi na yaransa yawa. Wane ne ba ya iya bugu da ƙafar hagu, wane ne yake gajiya bayan hutun rabin lokaci, wane gola ne yake tsoron ƙwallon sama, duk suna ciki. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ɗana, kai da kake jami'a, idan jarrabawa ta matso, darasin da ka iya kake yi wa bita ko wanda yake ba ka wuya?"

Na ce, "Wanda yake ba ni wuya, Baba."

Ya ce, "To, su ne darasin da ke ba ni wuya."

Ya ba ni labarin wata shekara da abokin hamayyar tasa ya kwanta rashin lafiya, ƙungiyarsa ta watse, suka lallasa su ba tare da gumi ba. Yara suka yi ta murna, shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Kafin zangon ya ƙare, rabin yaransa sun daina zuwa atisayen asuba, don babu wanda suke tsoro. Da suka je gasar waje, a wasan farko aka yi waje da su. Tun daga nan, in ji shi, ya gane cewa lafiyar abokin hamayyarsa lafiyar ƙungiyarsa ce. Shi ya kwashi yaransa suka je dubiya.

Ba kullum abin ke tafiya lami lafiya ba. Wata shekara, bayan an tashi wasa, 'yan kallo suka fara jifa, aka fasa wa wani yaro kai, alhali ko takalmin ƙwallo bai sa ba, kallo kawai ya zo. Masu horarwar biyu suka haɗu suka yanke hukunci ɗaya: babu wasa tsakanin ƙungiyoyin har tsawon shekara guda. Koci ya ce bai taɓa ganin horon da ya shigi yara kamar wannan ba. Bulala ba ta yi abin da rashin wasan ya yi ba. Da aka dawo, su yaran da kansu suke tsawatar wa magoya bayansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Muna da abokan wasa tun kaka da kakanni: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, ga kuma taubasai a cikin dangi. Za ka ji sun yi wa juna ba'a kamar za a daku, amma ranar suna ko ranar zaman makoki tabarma ɗaya suke zama. A fagen dambe ma akwai ɓangaren Kudu da na Arewa da Guramada, kowa na son ya ga an yi kisa a ɓangarensa, amma idan babu ɗayan ɓangaren, ai babu damben. Shi ya sa harshenmu ya bambanta abokin hamayya da abokin gaba.

Zamanin ƙudan zuma

Daga nan na sake shiga mota muka gangaro ta Unguwar Sarki. A wannan ɓangare na gari akwai tsofaffin makarantu masu manyan filaye, irin su Kwalejin Tunawa da Sardauna da ke Unguwar Dosa, da Kwalejin Rimi da ke Unguwar Rimi, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali. Waɗanda suka tsara makarantun nan sun ɗauki filin wasa a matsayin wani aji ne, shi ya sa suka bar masa wuri mai faɗi. Idan ka wuce ginin Lugard, inda majalisar dokokin jiha take zama, sai ka kusanci Dandalin Murtala, inda matasa ke motsa jiki safe da yamma, ga kuma filin ƙwallon dawaki a kusa.

A cikin gari akwai wani ƙaramin filin wasa da mutane ke kira filin Ranchers Bees. Da yawanku kun san sunan, amma ba lalle ku san nauyinsa ba. Asalin ƙungiyar ta ma'aikatar ƙera makamai ce ta sojoji, ana kiran ta DIC Bees, daga baya Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, ta koma Ranchers Bees. Ma'anar kalmar ƙarshen nan ƙudan zuma, kuma lallai sun yi harbi a zamaninsu. A 1983 sun kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Nijeriya, Rangers ta Inugu ta doke su a bugun fenariti. A 1987 suka sake kaiwa, Abiola Babes ta Abeokuta ta tafi da kofin. A 1988 suka kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙalubale, wata ƙungiya daga garin Bizarte na ƙasar Tunisiya ta yi nasara a kansu. Sai a 1989 haƙuri ya biya, suka doke ASEC ta Abijan suka ɗauki kofin Afirka ta Yamma.

Ku lura da jerin nan. Sau uku suna zuwa bakin kofi ana hana su, kuma kowace hanawa ƙara musu ƙarfi ta yi. Manyan abokan karawa ne suka gasa su har suka nuna. A cikin wannan ƙungiya aka ga wani matashi haifaffen Kaduna mai suna Daniel Amokachi. Mai horar da 'yan wasan Nijeriya na lokacin, Clemens Westerhof, ya ɗauke shi zuwa gasar cin kofin Afirka ta 1990, a shekarar kuma ya wuce ƙungiyar Club Brugge ta ƙasar Beljiyam. A 1995 ya ci Kofin Ƙalubale na Ingila tare da Everton.

Filin Ahmadu Bello

Idan ka ratsa hayaniyar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka ci gaba da gangarawa kudu, dogayen fitilun filin wasa na Ahmadu Bello ne za su fara yi maka maraba. An gina shi a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Kaduna take hedikwatar Jihar Arewa. Ranar da na je babu wasa, sai 'yan tsere ƙalilan da masu sayar da ruwa a bakin ƙofa. Amma shirun wurin bai ɓoye tarihinsa ba.

A nan aka yi gasar wasanni ta ƙasa a 1977, aka sake yi a 2009. A 1978 shahararren ɗan wasan Brazil, Pele, ya taka leda a wannan fili tare da ƙungiyar Fluminense, suka kara da Raccah Rovers ta Kano. An buga wasu wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a nan a 1999, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A watan Maris na 2016, da Nijeriya ta karɓi baƙuncin Masar, jama'a sun yi cikar kwari har wasu suka ɗare kan ƙarafan fitilu. Etebo ya fara ci wa Nijeriya, Mohamed Salah ya farke ana daf da tashi, aka yi kunnen doki, ci 1 da 1. Hawan fitila ganganci ne da rai, kada wani ya kwaikwaya, amma ranar ta nuna wa duniya irin ƙishin ƙwallon mutanen Kaduna.

Kada da giwa

Labarin da ya fi dacewa da abin da Koci ya gaya mini shi ne na wani mai horarwa ɗan ƙasar Beljiyam, Maurice Cooreman, da ƙungiyar Enyimba ta garin Aba. Ma'anar Enyimba giwar jama'a, kuma a wancan lokaci giwar ce sosai. Ta ci gasar lig ta Nijeriya a 2001 da 2002 da 2003 da 2005, ta kuma ci Kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, a 2003 da 2004, abin da babu wata ƙungiyar Nijeriya da ta taɓa yi.

A 2006 Cooreman, yana horar da wata ƙaramar ƙungiya ta jihar Bayelsa mai suna Ocean Boys, ya ƙwace kofin lig daga hannun giwa. Me Enyimba ta yi? Ba ta tsaya zagi ba, sai ta ɗauke shi aiki, kuma a 2007 kofin ya koma Aba. Bayan sun rabu, ƙaddara ta kawo shi Kaduna United a 2009, ƙungiyar da ake yi wa laƙabi da Kadduna, kamar yadda sunan garin kansa ya samo asali daga kaddunan kogi.

A 2010 sai ga Kaduna United a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Da wa za ta kara? Da Enyimba, wadda ita ce ke riƙe da kofin tun 2009, kuma ta riga ta ci lig na 2010. A filin wasa na Sani Abacha da ke Kano aka yi karawar. A takarda, kada ba sa'ar giwa ba ce, balle ma a tudu. Amma masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Aka tashi 3 da 3, aka je bugun fenariti, Kaduna United ta yi nasara da ci 3 da 2. Kofin da ya kuɓuce wa Kaduna a 1983 da 1987 ya zo gida a karon farko. Kuma don abin ya ƙara armashi, a gidan abokan wasa aka ɗauko shi, mutanen ƙasar Zazzau suka shiga Kano suka fito da kofi. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta wakilci Nijeriya a gasar Afirka.

Ku dubi yadda abin ya zagaya. Mutum ɗaya ya yi hamayya da Enyimba, ya yi mata aiki, ya sake komawa ya kara da ita. Ya san ta daga waje, ya san ta daga ciki, kuma wannan sani ba a kasuwa ake sayensa ba. Da a 2006 ya ɗauke su a matsayin maƙiya, da bai zauna da su ya ga yadda suke shiri ba. Da su ma sun ɗauke shi maƙiyi, da ba su amfana da shi ba. Cooreman ya sake cin Kofin Ƙalubale da Akwa United a 2015, ya rasu a 2022. Littafin Koci na can gindin dogon yaro da tarihin wannan Bature darasi ɗaya suke koyarwa: wanda ya fi sanin abokin karawarsa shi ke da rabin nasara, kuma ba ka sanin wanda ka tsana, domin ƙiyayya ba ta barin mutum ya tsaya ya duba.

A bakin gada

Daga filin wasa zuwa gadar kogi 'yar tafiya ce a ƙafa. Daga kan gadar kana hango hanyar Kakuri, unguwar masaƙu. A can ne masaƙar UNTL take, wadda a ƙungiyarta marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya fara wasa. Shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, kuma ya ci wa ƙasa ƙwallo 37 kafin ya ajiye takalmi. Ita ma ma'aikatar da ta haifi DIC Bees a Kakuri take. Wato a zamanin da masaƙu ke aiki, ma'aikata kan tsallako gadar nan daga kudu, mutanen Kawo da Unguwar Kanawa da Tudun Wada su gangaro daga nasu ɓangaren, a haɗu a benci ɗaya ana ihu ɗaya.

Abin da wannan haɗuwa ta haifar ya bayyana a gasar Olamfik ta Atlanta da aka yi a Amurka a 1996. A tawagar Nijeriya da ta ci lambar zinare ta ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik akwai Daniel Amokachi, da Celestine Babayaro, da Garba Lawal, da Tijjani Babangida, dukkansu haifaffun Kaduna. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2, Babayaro ne ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu. Ƙwallo biyu cikin uku daga 'yan Kaduna suka fito. Ku sake karanta sunayen nan. Ba ƙabila ɗaya ba ce, ba addini ɗaya ba ne, amma ƙurar gari ɗaya suka sha.

Mu da muka taso bayan rikice-rikicen da garin nan ya gani tun daga shekarar 2000, mun tarar ana maganar kogin nan kamar wata katanga, wasu a arewa, wasu a kudu. Masaƙun sun yi shiru, ƙungiyoyinsu sun bi su. Kaduna United ta faɗo daga babbar gasa a 2014. Yau hamayyar da ta fi zafi a unguwanninmu ita ce ta gidan kallo, tsakanin magoya bayan Real Madrid da na Barcelona, ko na Arsenal da Manchester United. Kallon ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Sai dai wannan hamayya ba ta sa kowa ya tashi atisayen asuba. Gumin na wasu ne a Sifaniya da Ingila, mu namu kuɗin shiga da ciwon maƙogwaro, wani lokaci har da gaba tsakanin abokai a kan mutanen da ba su san da zamanmu ba.

Hamayyar da za ta amfane ku ita ce wadda ke kusa da ku. Makarantarku tana da wata makaranta da ba kwa so ta ci ku, a ƙwallo ko a muhawara ko a kacici-kacici. Ku riƙe ta da kyau, domin ita ce ma'auninku. Ku je ku kalli wasanta ranar da ba da ku take yi ba, ku san ƙarfinta da rauninta. Idan ta ci ku, ku tambayi malamin wasanninku ta ina aka shigo muku, maimakon ku ɗora wa alƙalin wasa. Idan kun ci ta, ku yi waƙa ku yi tsalle, amma ku miƙa hannu kafin ku bar fili. Duk wanda kuka ga ya sunkuya zai ɗauki dutse, ko da ɗan ajinku ne, ku riƙe hannunsa, domin jifa ɗaya na iya sa hukumar makaranta ta soke wasan gaba ɗaya, kowa ya yi asara. Idan kuma malaminku ya ce za a tsallaka kogi a yi wasan sada zumunta da wata makaranta a Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha, ku nemi izinin iyaye ku shiga motar.

Ina tsaye a kan gadar aka fara kiran sallar magariba. A ƙasa ruwa na tafiya a hankali tsakanin duwatsu, motoci kuma na ta wucewa, waɗansu kudu, waɗansu arewa. Wasu samari huɗu suka wuce ni da takalman ƙwallo rataye a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar ƙasa, suna gardama a kan wanda ya bari aka ci su ta biyu. Kafin su kai ƙarshen gadar na ji sun daina neman mai laifi, sun koma lissafin ranar da za a sake haɗuwa.